An ce an halatta tabar wiwi: ina gaskiyar maganar?



Kwanan baya, cikin ajinmu na yaƙi da jahilci nan Matankari, wata uwa ta ɗaga hannu bayan mun gama karatu. Ta ce: "Malam, ɗana ya komo daga cin rani. Na ji warin wani hayaƙi ga rigarshi. Da na yi mishi faɗa, sai ya ce mini: Inna, ke ba ki san inda duniya ta kwana ba. Turawa ma sun halatta ta, har magani suke yi da ita. To Malam, gaskiya ne?"

Na ce mata: "Rabin maganar gaskiya ce. Sauran rabin, ko yaron ya ɓoye miki, ko shi ma bai sani ba."

Kai ma wataƙila ka ji irin wagga magana, ko a rediyo, ko cikin salula, ko a fadar samari wajen shan shayi. Shi ya sa na rubuta wanga darasi. Ka karanta sannu a hankali. In ka gama, za ka iya ba ɗanka amsa da hujja.

Mi ce ce tabar wiwi?

Wiwi tsiro ce. Ganyenta ya yi kama da ganyen rama, mai yatsu kamar tafin hannu. Ana busar da ganyen da furen, a naɗe cikin takarda, a sha kamar sigari. Akwai kuma ƙaronta, wanda ake matsewa a yi dunƙule da shi. Masu shanta sun ba ta sunaye da yawa don kada manya su gane. Wasu su ce ganye, wasu su ce moli.

Masana sun bincike ta, sun samu sinadarai masu yawa a cikinta. Biyu ne sunka fi suna. Na farko ana ce mishi THC. Shi ne mai sa maye. Na biyu ana ce mishi CBD. Shi ba ya sa maye, kuma daga gare shi ne anka yi wani maganin farfaɗiyar yara mai tsanani, wanda Amurka ta yarda da shi a 2018.

Ka riƙe waɗanga sunaye biyu, don gardamar duka a kansu take.

Abin da take yi ma mutum

Mai shan wiwi yakan ji daɗi da farko. Ya yi ta dariya, ya ji yunwa, idonshi ya yi ja. Bayan haka sai kasala da mantuwa su biyo. Hannu da ƙafa ba su bin umurnin kai da sauri. Ka duba ɗan kabu-kabu da ya sha ta, ya ɗauko mace mai goyo bisa hanyar Dogon Dutsi. In akuya ta gitta, kafin ya taka birki an riga an faɗi.

Likitoci sun ce ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Yaron da ya fara sha da wuri, kamar ginin laka ne da ruwa ya daka tun bai bushe ba. Sun lissafa cewa cikin mutum 10 da ke shanta, kusan 1 yakan kamu har ya kasa bari. Ga waɗanda sunka fara tun suna samari ƙanana, abin ya kai kusan 1 cikin 6. Wasu kuma takan tayar musu da taɓin hankali, musamman mai sha kullum, ko wanda ake da ciwon a danginshi. Hayaƙinta yana cutar da huhu. Mace mai ciki in ta sha, abin yana kai ga jaririn.

Ba kowane mai sha ke haukacewa ba. In ka ce ma yaro duk wanda ya sha sai ya haukace, zai nuna maka abokinshi da ke sha shekara biyar yana tafiya lafiya, daga nan ya daina jin maganarka. Ka gaya mishi gaskiya: ba wanda ya san kan wa abin zai faɗa, sai ya faɗa.

Ga kuma wani lissafi. A ce saurayi yana kashe dala 40 kullum wajen sayenta. Cikin wata guda jikka 6 ke nan. Cikin shekara jikka 73. Kai da ka san kuɗin hatsi a kasuwa, ka lissafa tiya nawa ke nan.

Mi doka ta ce a ƙasarmu?

A Nijar, dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta watan Satumba 1999 ta hana wiwi. Nomanta laifi ne. Sayar da ita laifi ne. Ɗaukarta daga wani gari zuwa wani laifi ne. Shanta ma laifi ne. Hukuncin shi ne tara da gidan kaso, gwargwadon girman laifin. Akwai ma'aikata ta musamman da ke farautar masu fataucinta, ana ce mata OCRTIS. Jandarmomi da ƴan sanda da ƴan duwan suna kama mata aiki.

A watan Maris 2021, an kama ton 17 na ƙaron wiwi cikin wani ɗakin ajiya a Yamai. An ƙiyasta kuɗinta ya kai miliyar 20 na Sefa. Daga Labanan kayan sunka fito, sunka sauka tashar jirgin ruwa ta Lome, za a wuce da su Libiya. Ka ga ashe sana'ar tana da manyan iyayen gida. Yaron da ke sayar da ƙulli a bayan tasha, shi ne ƙaramin cikinsu, kuma shi ne aka fi saurin kamawa.

Mu nan Arewa kusa da iyakar Nijeriya muke. Samarinmu suna zuwa Sakkwato, Kano, har Ikko neman kuɗi. Ka ja kunnen ɗanka: kada ya karɓi saƙon da bai san abin da ke ciki ba. In anka buɗe jaka bisa shinge anka samu wiwi, mai riƙe da jakar za a fara tambaya.

Ta wajen addini kuwa, malamanmu sun daɗe da yin bayani: abin da ke gusar da hankali haramun ne. Dokar wata ƙasa ba ta canza wannan.

Kalma guda, abu uku

Yanzu mu komo ga maganar yaron. In ka ji an ce wata ƙasa ta halatta wiwi, ka tambaya: wane irin halattawa? Don abu uku ne daban-daban ake kira da suna guda.

Na farko, halattawa don magani da masana'anta. Gwamnati ce ke ba manomi takardar izini. Ya noma, ya sayar ma kamfani, kamfani ya yi magani, ko mai, ko zare. Lesoto ce ta fara haka a Afirka, a 2017. Maroko ta yi tata dokar a 2021, don manoman duwatsun Rif da sunka daɗe suna nomanta a ɓoye. A 2024 Sarkin Maroko ya yi afuwa ga manoma sama da 4,800 da ake tuhuma da nomanta. Amma shanta don maye har yanzu laifi ne a Maroko. Gana ma ta yarda a noma wani iri wanda THC ɗinshi bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, wato irin da ba ya sa maye.

Na biyu, daina ɗaure mai sha. A 2018 babbar kotun Afirka ta Kudu ta yanke hukunci cewa baligi in ya sha cikin gidanshi, ba za a kama shi ba. Amma sayarwa tana nan a matsayin laifi. Jamus ma tun Afrilu 2024 ta yarda baligi ya riƙe kaɗan, ya dasa gindi 3 a gidanshi, amma ba ta yarda a buɗe kantunan sayarwa ba.

Na uku, halatta sha da sayarwa gaba ɗaya. Ƙasashen da sunka yi haka kaɗan ne. Urugwai ta yi a 2013, Kanada ta yi a 2018. Ko a can ma akwai sharuɗɗa masu tsauri. A Kanada sai mai izini ke sayarwa. Ba a sayar ma wanda bai kai shekara 18 ba. Ba a yawo da fiye da giram 30. Wanda ya sha ya tuƙa mota, hukunci na jiranshi.

Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta taɓa maganar. Tun 1961 wiwi tana cikin jerin ƙwayoyi mafi haɗari. A Disamba 2020 anka kaɗa ƙuri'a, anka fid da ita daga wannan jeri, don an yarda tana da amfani wajen magani. Amma an bar ta cikin jerin abubuwan da ake sa ma ido sosai.

Akwai kuma ƙasar da ta buɗe ƙofa, ta komo ta tura ta. Tailan ta saki wiwi a 2022. Kantuna dubbai sunka buɗe, iyaye da likitoci sunka yi ta kuka. A Yuni 2025 gwamnati ta ce daga yanzu sai da takardar likita.

Ka gani ke nan. Maganin da likita ke aunawa da ɗigo, a ba yaro mai farfaɗiya, daban yake da ƙullin da ake sha a kango. Duk daga tsiro guda sunka fito, kamar yadda fura da burkutu duk daga hatsi suke.

Gardamar maƙwabtanmu

A Nijeriya an yi wagga gardama da ƙarfi. Wani bincike da anka yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 10 da dubu 600 ke shan wiwi a ƙasar. Ana nomanta a ɓoye cikin dazuzzukan kudu, kamar jihohin Ondo da Edo. A 2019 gwamnan Ondo na lokacin, marigayi Rotimi Akeredolu, ya ce a yarda a noma ta don magani, ƙasa ta samu kuɗi, samari su samu aiki. Janar Buba Marwa, wanda ya kama shugabancin hukumar NDLEA a 2021, ya ce bai yarda a halatta ta ba, don masu shan sun riga sun yi yawa. An kai maganar majalisar dokoki, ba ta zama doka ba. Har yanzu wiwi haramtacciya ce a Nijeriya.

Hujjar masu cewa a halatta

Ya kamata ka san abin da kowane ɓangare ke faɗi. Masu son a halatta ba duka ne mashaya ba. Akwai likitoci da alƙalai a cikinsu. Ga hujjojinsu:

Sun ce an yi shekaru ana kamu, shan bai ragu ba.

Sun ce yaron da anka kai kaso don ƙulli guda yakan fito ya fi da lalacewa, don can zai zauna da manyan ɓarayi.

Sun ce tunda a ɓoye ake sayarwa, ribar duka tana shiga aljihun ƴan fasa-ƙwauri da masu ɗauke da makamai. In gwamnati ta riƙe cinikin, za ta karɓi haraji, ta gina asibiti.

Sun ce mai sayarwa a ɓoye ba ya tambayar shekarun yaro, kuma yakan gauraya ta da wasu abubuwa masu cutarwa.

Sun ce bai kamata a hana marar lafiya maganin da zai taimake shi ba.

Hujjar masu cewa a'a

Su kuma waɗanga ga abin da suke faɗi:

Abin da ya zamo a fili, samunshi ya yi sauƙi, kunyarshi ta fita. Yaro zai ce, da tana da illa da gwamnati ba ta bari ba.

Ɗan kasuwa riba yake nema. Ribarshi kuwa tana ga mai sha kullum. Haka kamfanonin sigari sunka yi, haka na wiwi za su yi.

Wiwin yanzu ta fi ta da ƙarfi, don an gyara irinta ta ƙara THC.

Kuɗin harajin ba zai biya abin da za a kashe wajen jinyar waɗanda sunka lalace ba.

Ƙasashen da sunka halatta suna da likitocin ƙwaƙwalwa da gidajen jinya da yawa. Mu namu kaɗan ne, kuma mafi yawansu a manyan birane suke.

Abin da tramol ya koya muna

Ni dai in ka tambaye ni, sai in ce mu dubi abin da ya faru gaban idonmu. Tramol magani ne na gaskiya. An yi shi don mai ciwo mai tsanani, kamar wanda anka yi ma aiki ko mai karaya. Ƙa'idarshi ita ce likita ya rubuta, a saya a farmasi. Wato halattacce ne mai sharaɗi, daidai da yadda ake son a yi ma wiwi.

To mi ya faru? Kai shaida ne. Ya fita daga farmasi ya hau tiren masu tallar magani. Ya shiga kasuwannin ƙauye. Ƴan ƙwadago sunka riƙa sha don su yi noma ba gajiya. Wasu har cikin shayi suke jefa shi. Mun ga samari suna faɗuwa suna shure-shure kamar masu farfaɗiya. Sharaɗin yana nan bisa takarda, amma ba a samu mai tsaronshi a kowace kasuwa ba.

Shi ya sa nake cewa, doka kamar darni ce. Rubuta ta ba wuya. Tsaronta ne aiki. Ƙasar da ta ce ba a sayar ma yaro, sai ta samu mai dubawa a kowane kanti. Mu da ba mu gama da tramol ba, in munka buɗe ma wiwi ƙofa, wa zai tsaya bakin ƙofar?

Amma akwai magana guda ta masu son gyara wadda na yarda da ita. Mai fatauci daban, mai sha daban. Na farko yana cin riba da lalacewar ɗiyan mutane. Na biyu sau da yawa marar lafiya ne, yana bukatar jinya. In an tashi gyaran doka, nan ya kamata a fara dubawa. Wannan ra'ayina ne. Kai ma kana da naka, kuma yanzu kana da abin da za ka auna shi da shi.

Mi za ka yi a gidanka?

Gardamar majalisa tana da nisa. Ɗanka kuwa yana kusa. Ga abin da ke hannunka:

Ka san abokan ɗanka, ka san fadar da yake zama. In ya komo daga cin rani, ka zauna da shi ku yi hira, ka ji abin da ya gani.

Ka lura da alamu: jan ido, yawan barci da rana, ƙin zuwa gona, ɓatan kuɗi ko hatsi a gida, fushi ba dalili, sabbin abokai da ba ya son ka gani. Alama guda ba ta isa hujja ba. In sun taru, ka bincika.

In ka tabbata yana sha, kada ka fara da duka ko kora. Yaron da anka kora, wajen masu ba shi abin zai koma. Ka yi mishi magana lokacin da yake cikin hankalinshi. In ba ya jin taka, ka nemo kawunshi, ko malaminshi, ko wani babba da yake jin nauyi.

Kada kunya ta sa ku ɓoye. In ya fara magana shi kaɗai, ko yana cewa ana binshi, ko ya daina barci, ku kai shi gidan likita da wuri. Ku gaya ma likita gaskiyar abin da yake sha. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ku Dogon Dutsi, ko Doso, ko Yamai. Addu'a da magani ba su hana juna. Ɗaure shi da mari cikin ɗaki ba ya warkar da shi.

Wanda ya daina sha, kwanakin farko yakan yi fama da rashin barci, da ƙin abinci, da saurin fushi. Wannan yana wucewa cikin ƴan makwanni. Ku yi haƙuri da shi. Ku ba shi abin yi da rani, ko lambu, ko kiwo, ko koyon sana'a, don zaman banza shi ke mai da shi ruwa.

Ku kuma iyaye mata, sau da yawa ku ke fara ganewa. Kada ku rufe ma uban yaron don tausayi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Uwar nan da ta yi tambaya, ta koma gida da amsarta. Ta ce ma ɗanta: "Na ji an halatta a Kanada. Amma nan Matankari muke, dokar Nijar ke kanmu. Kuma ko a Kanada ba a sayar ma yaro kamarka. In magani ce, nuna mini takardar likita." Ta ce yaron ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. Daga nan sunka fara magana ta gaskiya.

Allah ya shirya muna zuri'a, ya kare su daga abin da zai gusar musu da hankali. Amin.

Tambayoyi

1. Wane sinadari ne ke sa maye cikin wiwi?
2. A wace shekara anka yi dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Nijar?
3. Faɗi iri uku na halattawa, ka ba da misalin ƙasa guda ga kowane.
4. In mutum yana kashe dala 60 kullum, nawa zai kashe cikin kwana 30?
5. Mi ya sa Tailan ta canza dokarta a 2025?
6. Ku tattauna cikin aji: mi ya fi dacewa da yaron da anka kama da ƙulli guda, kaso ko jinya? Kowa ya kawo hujjarshi.